Tali, Abincin Indiyawa Maras Nama: Kayan Haɗinsa Na Nan Zube A Kasuwar Kafancan

DUK dillalin cittar da ya daɗe yana bin hanyar nan ta Kafancan zuwa Abuja, wadda ta ratsa ta Kwoi da Keffi, ya san cewa ba a bakin sikeli kaɗai ciniki ya ke ƙarewa ba. Da dama daga cikin kamfanonin da ke sayen busasshiyar citta da riɗi domin fitarwa ƙasashen waje na Indiyawa ne, kuma idan hulɗa ta yi nisa, wata rana sai mai saye ya ce wa mai sayarwa ya zo su je su ci abinci. A irin gidajen abincin nan na Indiyawa da ke Abuja ko Ikko ne mutumin kudancin Jihar Kaduna ya kan yi arba da abin da su ke kira tali.

Tali ba sunan wata miya ba ne, ba kuwa sunan wani tuwo ba. Asalin kalmar sunan faranti ne, watau wani faffaɗan tire na silba mai ɗan baki, wanda a da a gidajen masu hali a kan ƙera shi da tagulla ko azurfa. A kan jera waɗansu ƙananan kwanoni a kewaye da bakinsa, kowanne bai wuce cikin tafin hannu ba, su ne a ke kira katori. Ƙaramin tali ya kan zo da kwanoni huɗu ko biyar, na biki kuwa ya kan haura goma. Tsakiyar farantin a kan bar ta domin gurasa da shinkafa. Daga sunan mazubin abincin ya sami suna, kamar dai yadda a ke cewa an kai wa baƙo akushi, kowa ya san ba itacen zai ci ba.

Abin da ya fi ɗaure wa baƙo kai a zaman farko shi ne abin da bai gani ba. Zai dubi wannan kwano, ya leƙa wancan, ya ɗan motsa na uku da cokali ko tsoka ta nutse a ƙasa. Babu ita. Babu kifi, babu ƙwai, ko romon ƙashi ba a ɗiga ba. A ƙasar nan kuwa, daga Sakkwato har Fatakwal, da tsokar da ke cikin miya a ke auna girman baƙo a wurin mai masaukinsa. Wanda aka ajiye wa miyar lami ba sai an gaya masa matsayinsa ba. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan dillali ya fara raya wa a ransa cewa attajirin nan marowaci ne, alhali kuwa karramawa ce aka yi masa irin ta ƙasarsu.

Abin Da Ke Cikin Kwanonin

Ginshiƙin tali shi ne dal. Wake ne a ke ɓarzawa a cire ɓawonsa, a dafa shi da kurkum, wanda waɗansu ke kira gangamau, har ya narke ya koma kamar miyar wake mai ruwa-ruwa, launinsa rawaya. Shi kaɗai ba ya da wani armashi. Asirin yana cikin abin da a ke yi masa a ƙarshe: mai girki zai narka man shanu a ɗan ƙaramin kasko, ya watsa ƙwayoyin kayan ƙamshi da busasshen barkono da tafarnuwa da citta, su yi ta fashewa na ɗan lokaci kaɗan, sa'an nan ya juye su da zafinsu a kan waken. Wannan aiki shi su ke kira tadka. A ciki har da ɗan garin wani ƙaro mai suna hing, wanda ɗanyensa ya ke da wari mai hawa kai, amma da ya taɓa mai sai ya ba miya irin zurfin da nama ke ba ta. Duk matar da ta san aikin daddawa ba sai an yi mata dogon bayani ba.

Sauran kwanonin na ganye ne da kayan lambu, kuma a nan ne baƙo ya kan fara gamuwa da idon sani. Ga kuɓewa, amma an soya ta da albasa ta bushe, babu yauƙi ko kaɗan. Ga yalo an gasa shi a wuta an dama da tumatir. Ga dankalin Turawa, ga wani ganye ɗan'uwan alayyafo an niƙa shi an jefa masa yankakken cuku na madarar shanu, wanda bai da maraba da warar da Fulani su ke yi. Kwano guda kindirmo ne, wani lokaci tsurarsa, wani lokaci da kokwamba da gishiri. A gefe kuma an ɗan ɗora acar, watau ɗanyen mangwaro ko lemun tsami da aka tsuma cikin mai da gishiri da yaji, wanda lakata ɗaya a ke yi, domin wanda ya ɗebe shi da cokali kamar miya ba zai ƙara ba. Akwai wata siririyar waina ta garin wake mai ƙaras-ƙaras, papad ke nan. Kwano na ƙarshe na zaƙi ne, galibi shinkafa da aka dafa cikin madara da sukari.

Ba bi da bi a ke kawo waɗannan abubuwa ba kamar yadda Turawa su ke yi. Gaba ɗaya a ke ajiye su, mai ci shi ne zai tsara wa kansa loma. Da hannun dama a ke ci bayan an wanke shi, hagu ba ta shiga faranti, wannan kam babu abin da za a koya wa mutumin Kafancan. A kan fara da gurasar alkama mai laushi, capati, a yago ta da yatsu uku a naɗo ganye da ita. Idan gurasa ta kau sai a zo kan shinkafa, a zuba mata dal a cakuɗa. Mutanen kudancin Indiya, waɗanda sau da yawa a kan ganyen ayaba su ke cin nasu, su kan rufe da shinkafa da kindirmo domin sanyaya ciki. A gidajen abinci irin na jihar Gujarat kuwa kuɗi ɗaya a ke biya, masu hidima suna zagawa da bokitai suna ƙari, kwano ba ya zama wayam sai mutum ya kife tafin hannunsa a kai.

Jerin kwanonin nan ba da ka aka yi shi ba. Tsohon ilmin maganin gargajiya na Indiya, Ayurveda, ya ƙidaya ɗanɗano shida: zaƙi, tsami, gishiri, ɗaci, zafin yaji, da kuma bauri irin na ɗanyen goro. A ganinsu abinci bai cika ba sai shidan sun hallara. A jihohin Andhra Pradesh da Telangana har akwai wani haɗi da a ke lasa ranar sabuwar shekararsu, Ugadi, wanda ya tara su duka: furen darbejiya domin ɗaci, mazarƙwaila domin zaƙi, tsamiya, ɗanyen mangwaro, barkono da gishiri. Mai karatu ya duba da kyau, babu ko ɗaya cikin shidan nan da za a nema a rasa tsakanin Kagoro da Zonkwa.

Wuri ɗaya ne al'adun biyu suka yi hannun riga. A nan zumunci shi ne a haɗa hannu cikin kwano guda, wanda ya ware nasa a kan ce yana da ƙyama. A can kuwa kowa da farantinsa, kuma abin da bakin wani ko hannun da ya kai baki ya taɓa ya zama juta, watau saura, ba a miƙa wa wani. Baƙon da ya ga abin da ya yi masa daɗi a farantin mai masaukinsa ya kai hannu don nuna sabo, to ya yi ɓaranɓarama, ko da ba a ce masa komai ba.

Ba dukan Indiyawa ne ba sa cin nama ba, kamar yadda a kan ɗauka. Binciken da cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a 2021 ya nuna kashi 39 cikin 100 na manyan ƙasar ne suka ce ba sa ci. Amma a ƙasar da ta haura mutum miliyan 1,400 wannan adadi ya zarce yawan jama'ar Nijeriya. Tushen abin aƙidar ahimsa ce ta ƙin cutar da mai rai, wadda Mahatma Gandhi ya shahara da ita. Mabiya addinin Jain sun fi kowa tsanani, domin ko albasa da tafarnuwa da dankali ba sa ci, saboda tono su yana kashe tsiron da ƙananan halittun da ke cikin ƙasa. Madara da man shanu kuwa an yarda da su. Doka ma ta shiga maganar: abincin gwangwani ko na leda da babu nama a cikinsa tilas a buga masa koren ɗigo a jiki.

Tsohuwar Hulɗa

Kudancin Kaduna ba yau ta fara ganin Indiyawa ba. Kafancan gari ne da reluwe ta raya, tun da layin dogo na gabas da ya taso daga Fatakwal ya iso, aka kuma cire reshe zuwa Jos a 1927. Tsakanin 1979 da 1982 gwamnatin tarayya ta danƙa ragamar Hukumar Jiragen Ƙasa a hannun kamfanin RITES na gwamnatin Indiya, kuma tsofaffin ma'aikata har yau suna ambaton wannan zamani idan a na zancen lokacin da jirgi ke zuwa a kan kari. A cikin shekarun 1970 da 1980 kuma makarantun sakandare da kwalejojin horon malamai na jihohin Arewa cike su ke da malaman lissafi da kimiyya daga Indiya. Waɗanda ba sa cin nama a cikinsu da cefanen kasuwannin nan suka rayu shekara da shekaru. Jama'a sun haddace sunayen 'yan wasan fim ɗin Indiya a gidajen silima, amma tukunyar malamin da ke maƙwabtaka da su kaɗan ne suka leƙa.

Hulɗar tsirrai kuwa ta girmi ta mutanen nesa ba kusa ba. Masu binciken kayan tarihi sun sami tsohuwar shaidar noman gero a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali, ta wajen shekara 4,500 da suka wuce, kuma daga Afirka ya ƙetara teku ya isa Indiya fiye da shekara 3,500 baya. Yau shi ne bajra, wanda mutanen Rajastan da Gujarat su ke yin gurasa da shi su shafe da man shanu. Dawa ta tashi daga gabashin Sudan ta zama jowar, abincin manoman Maharashtra. Tamba, wadda a ke nomawa a tuddan kudancin Kaduna da Filato, asalinta tsaunukan gabashin Afirka ne, a Karnataka kuwa ragi su ke ce mata, har wani irin tuwo su ke tuƙawa da ita a mulmula a haɗiya da miya ba tare da tauna ba. Farin wake ɗan Afirka ta Yamma ne. Yakuwa da rama su ne gongura, ganyen da mutanen Andhra su ke alfahari da shi. Ita kuwa tsamiya ta daɗe a can har Larabawa suka sa mata suna dabinon Indiya, alhali itaciyar dajin Afirka ce.

Su ma sun rama biki. Mangwaro da zogale da darbejiya daga wajensu suka zo, citta da kurkum kuma daga nahiyar Asiya. Sai dai kowa da inda ya kama: a nan ganyen zogale a ke kwaɗawa da ƙuli-ƙuli, a kudancin Indiya kuwa dogayen 'ya'yan a ke yankawa cikin miyar tsamiya.

Nasu Da Na Gida

Idan aka bar gidan abincin Abuja aka dawo gida, sai a ga ashe abinci maras nama mai rai da lafiya ba baƙo ba ne a ƙasar Fantsuwam da Kaninkon da Bajju da Atyap da Ham da Agworok. Ga faten acca, wanda a ke zuba wa yakuwa da gauta da alayyafo da dakakkiyar gyaɗa, mai tsami da ɗan ɗaci da maiƙo a loma guda. Ga dafaffen wake da a ke barbaɗa wa garin riɗi a kwarara manja, abincin da ba a raina shi a wurin biki. Ga tuwon acca da miyar karkashi, ga kunun tamba, ga gwaza da rizga, ga atili da a ke jiƙawa a ruwan ɗumi. Ga kindirmon da matan Fulani su ke kawowa kasuwa daga rugage, har da na makiyayar Ladduga ta ƙasar Kachia. Da za a sami mai jera waɗannan cikin ƙananan kwanoni a kan tire ɗaya, da babu ɗanɗano ko guda cikin shidan nan da zai yi fashi. Kuma tiren ba zai cika ba sai da hatsin manomi da nonon makiyayi, waɗanda rikice-rikicen shekarun nan suka sha raba su da kasuwa ɗaya.

Bambancin ba a tukunya ya ke ba, a wurin daraja ya ke. Ba'indiye ya ɗauki wake da ganye ya sa musu suna ɗaya-ɗaya, ya ba kowanne kwanonsa, ya buɗe musu gidan abinci mai fanka da tebur, har attajiri ya kai baƙonsa ba tare da jin kunya ba. A nan kuwa fate ya zama abin da a ke ci a gida a ɓoye wa baƙo, ko a sayar a bakin tasha. Yaron da ya tafi makaranta a birni ya dawo, sau da yawa taliyar leda ya fi so da abin da kakarsa ta tashi da shi.

Maganar ba ta ado kaɗai ba ce, ta aljihu ce. Gwamnatin Indiya ta ɗauki tali da muhimmanci har ta ware masa babi sukutum a rahotonta na tattalin arziki na 2019 zuwa 2020, inda ta auna ko ladan ma'aikaci na yini zai iya ciyar da iyalinsa faranti biyu. A Nijeriya ma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta soma fitar da lissafin kuɗin lafiyayyen abinci na yini guda a 2024, kuma a kai a kai lissafin yana nuna nama da kifi da ƙwai da madara su ne suka fi kowane rukuni cin kuɗi. Masana abinci sun daɗe da tabbatar da cewa hatsi da wake suna cike giɓin juna: sinadarin gina jiki da ya yi ƙaranci a dawa ko shinkafa yana nan a wake, wanda ya yi ƙaranci a wake kuma yana cikin hatsi. Idan aka ƙara nono a kai, an toshe yawancin abin da rashin nama zai rage. Wannan shi ne lissafin da ke ƙarƙashin dal da gurasa da kindirmo, shi ne kuma na garau-garau da fura da nono.

Akwai kuma wani sauƙi da ya dace da gari irin Kafancan, inda Musulmi da Kirista su ke cin kasuwa ɗaya. Faranti maras nama ba ya ta da tambayar wa ya yanka. Ɗan Katolika mai ƙaurace wa nama ranar Juma'a a lokacin azumin Lent zai ci, alhajin da ke tsantseni zai ci, babu mai leƙa kwano.

Amma kada a ɗauka duk abin da babu nama magani ne. Talin gidan abinci yana shan man shanu da sukari ba kaɗan ba, musamman na Gujarat wanda har dal ɗinsa a kan sa wa mazarƙwaila. Wani babban bincike da hukumar binciken lafiya ta Indiya ta fitar a 2023 ya ƙiyasta masu ciwon sukari a ƙasar sun kai miliyan 101. Haka kuma tali a Abuja ba abincin talaka ba ne, domin shinkafar basmati da waɗansu irin waken da kayan ƙamshin daga waje a ke shigo da su.

Ita Kuwa Citta

A ƙarshen cin abinci a kan kawo shayi da madara wanda aka tafasa da citta, kuma a nan ne dillali ya ke da ta cewa. An soma noman citta domin sayarwa a kudancin tsohon Lardin Zazzau wajen 1927, kusan tare da isowar jirgi, har Kachia da Jaba da Kagarko da Jama'a suka zama cibiyarta. Iri biyu aka fi sani, Tafin Giwa mai kauri da launin rawaya, da Yatsun Biri mai sirara da duhu. A kan tono ta da kaka, a tsaga, a shanya, a ɗura a buhu. 'Yan kasuwar duniya suna son ta saboda zafinta da yawan manta. A alƙaluman Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya na farkon shekarun 2020, Indiya ce kaɗai ta fi Nijeriya noman citta, kuma duk da haka tana cikin masu sayen ta nan.

Shekarar 2023 ita ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin gero da danginsa bisa shawarar Indiya, kuma cikin dangin an lissafa dawa da tamba da acca. Indiya ta yi ta shagali, ta sa gurasar gero a teburin shugabannin ƙasashen da suka je taro Delhi. Manoman kudancin Kaduna kuwa ba su sami sukunin jin labarin ba, domin a daminar wannan shekara ce wata cuta ta faɗa wa citta. Ganye ya yi rawaya ya bushe, saiwa ta ruɓe a ƙasa, gona bayan gona. Gwamnatin tarayya ta ƙiyasta hasarar da fiye da Naira miliyan dubu 12. Mutane da yawa da bashi suka yi noman, kuma da kuɗin citta a ke biyan kuɗin makaranta, a yi rufin kwano, a yi aure.

Mafi muni shi ne iri. Citta ba ƙwaya a ke shukawa ba, saiwar a ke gutsurawa a binne, saboda haka wanda gonarsa ta ruɓe ya rasa amfanin bana da irin baɗi gaba ɗaya, ɗan abin da ya tsira kuma farashinsa ya fi ƙarfin ƙaramin manomi. A daminun da suka biyo baya waɗansu sun rage faɗin gonakinsu, waɗansu sun koma masara da waken soya. Waɗansu kuma a ƙasar Jaba da Kachia sun juya ga kurkum, wanda shukarsa da tononsa da shanyarsa duk kusan irin na citta ne, kuma masu sayensa su ne dai waɗancan na Abuja da Ikko.